Kwashe jama'a daga gaɓar teku kafin mahaukaciyar guguwa

Kwashe jama'a daga gaɓar teku mataki ne da hukumomi ke ɗauka idan masu hasashen yanayi suka hango mahaukaciyar guguwa ta doso ƙasa. Sakkwato na da nisa da teku, amma da dama daga cikin guguwowin da ke addabar Amurka suna samo asali ne daga irin hadarin daminar da ke ratsa yankin Sahel ya nausa yamma har ya faɗa Tekun Atilantika, inda lokacinsu ke kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba.

Ba sa'ar da tsakiyar guguwa za ta sauka ake dubawa ba. Abin lura shi ne lokacin da iska mai gudun kilomita 63 a sa'a za ta fara isowa, domin daga nan tuƙi da hawa gada sun zama kasada. Daga wannan lokaci ake lissafawa baya, a ware sa'o'in da za a ɗauka kafin motar ƙarshe ta fita, tare da la'akari da asibitoci, da tsofaffi, da waɗanda ba su da abin hawa. Cibiyar da ke sa ido kan guguwa a birnin Miyami na Amurka kan fitar da sanarwar zama cikin shiri saura sa'o'i 48 kafin isowar wannan iska, sannan gargaɗi saura sa'o'i 36, kuma babban birni na iya buƙatar fiye da haka.

Ruwa ne ke tantance wanda zai tashi, ba iska ba, domin tumbatsar da guguwa ke turowa daga teku ita ta fi halaka mutane. Mazauna kwari ake fara kwashewa, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya ga ambaliyar kogin Rima ta 2010 ba.

Shekarar 2005 ta nuna illar jinkiri da kuma illar wuce gona da iri. An ba da umarnin barin birnin New Orleans na Amurka tilas ranar 28 ga Agusta, ƙasa da kwana ɗaya kafin saukar guguwar Katrina, dubban mutane kuma suka maƙale. Bayan 'yan makonni, tsoron wata guguwar mai suna Rita ya fitar da fiye da mutum miliyan biyu daga yankin birnin Houston na Amurka, har da mazauna tudun da babu dalilin tashinsu, kuma kimanin mutum 100 suka mutu a cunkoson hanya saboda zafi da haɗura.

A jihar Odisha ta Indiya kuwa, inda guguwar 1999 ta kashe kimanin mutum 10,000, an kwashe kusan miliyan ɗaya kafin guguwar Phailin a 2013, galibi zuwa matsugunai na kusa, kuma waɗanda suka rasu ba su kai 50 ba.