Taya mai tsada ko ta tsaka-tsaki: wacce ta dace da motar zirga-zirgar yau da kullum?

Wane irin taya ake kira ta manya, wacce kuma ake kira ta tsaka-tsaki?

Babu wata hukuma da ta raba su, kasuwa ce ta yi rabon. Idan aka ce tayar manya, galibi kamfanoni biyar ake nufi: Michelin na Faransa, Bridgestone na Japan, Continental na Jamus, Goodyear na Amurka da Pirelli na Italiya. A sahu na biyu akwai irin su Kumho da Nexen na Koriya ta Kudu, da Toyo da Falken na Japan. Hankook ta Koriya ta Kudu kuwa ta daɗe tana tsaye a bakin iyakar sahun biyu, domin a yau manyan kamfanonin motoci na Jamus suna fitar da sababbin motoci da tayoyinta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wasu daga cikin tayoyin tsaka-tsakin 'ya'yan gidan manyan ne. Firestone ta Bridgestone ce. Kleber da BFGoodrich na Michelin ne. Barum da Semperit na Continental ne, Fulda da Sava kuma na Goodyear. Sau da yawa fasahar da babban suna ya yi yayi da ita shekarun baya ita ce ke gangarowa ga ƙannen nasa. Saboda haka wanda ya sayi ta tsaka-tsaki daga irin wannan gida bai sayi tarkace ba.

Dukkansu baƙaƙe ne masu zagaye, me ake biya a mai tsadar?

Ana biyan abin da ido ba ya gani, wato haɗin robar. Mai ƙera taya kullum yana fama da abubuwa uku da ba sa shiri: riƙon kwalta idan ta jiƙe, daɗewa kafin ta suɗe, da sauƙin mirginawa don kada ta ci mai. Roba mai laushi tana kama hanya da kyau amma tana saurin cinyewa. Roba mai tauri tana daɗewa amma tana zamewa cikin ruwa. Ka ja ɗaya, ɗayan ya kuɓuce. Shigar da sinadarin silika cikin robar, wanda Michelin ta fito da shi kasuwa a 1992, ya rage wannan rikici sosai, kuma yanzu kusan kowa yana amfani da shi. Sai dai yawansa da yadda ake gauraya shi ba ɗaya ba ne.

A nan ne bambancin yake. Tayar tsaka-tsaki takan yi fice a abu ɗaya ko biyu, ta ɗan yi sanyi a na ukun. Mai tsadar tana ƙoƙarin riƙe ukun a lokaci guda, kuma kuɗin bincike da gwajin da aka kashe kafin a cimma hakan shi ne ke cikin farashin. Akwai kuma kuɗin talla da na tseren motoci, kada a ɓoye wannan. Pirelli ce ke samar da tayoyin gasar Formula 1 tun 2011, kuma ba kyauta sunan ke zuwa ba.

Ni daga gida zuwa wurin aiki nake yi, ba na gudu. Zan ji bambanci?

A busasshiyar hanya, cikin cunkoso, kana tafiya a hankali, da ƙyar. Wataƙila ka ji ƙarar tayar ta ragu kaɗan ko sitiyari ya fi jin magana, shi ke nan. Kana iya shekara guda ba ka ga amfanin ƙarin kuɗin da ka biya ba.

Bambancin yana fitowa ne ranar da aka sheƙa ruwa, wani ya shigo gabanka ba zato, ka danna birki iya ƙarfinka. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma a kan waɗannan tafuka huɗu ne duk nauyin mota yake tsayawa. A ma'aunin da Tarayyar Turai ta fara liƙa wa tayoyi a Nuwamba 2012, tazarar tsayawa tsakanin taya mafi riƙo a jiƙaƙƙiyar hanya da mafi rauni ta kai kusan mita 18, idan ana gudun kilomita 80 a awa. Tsawon motoci huɗu ke nan a jere. Amma a lura, wannan tazarar tsakanin sama da ƙasa ce. Tsakanin mai tsada da kyakkyawar ta tsaka-tsaki ratar ba ta kai haka ba, wani lokaci ma mataki ɗaya suke.

To ta yaya zan gane mai kyau ba tare da na dogara da bakin mai sayarwa ba?

Ka duba takardar da ke manne da tayar, idan tana da ita. An sabunta ma'aunin Turai a Mayu 2021, yanzu yana tafiya daga A zuwa E a kan abubuwa biyu, cin mai da riƙon hanya cikin ruwa, sannan ga adadin ƙarar da take yi. Ta tsaka-tsaki mai A ko B a riƙon ruwa ta fi min mai babban suna da ta samu C. Tayoyin da ake kai wa Amurka kuma suna da rubutu a gefensu, inda ake auna riƙo daga AA zuwa C, jure zafi daga A zuwa C, da wata lamba ta daɗewa. Lambar daɗewar nan kamfani ne ke ba kansa, don haka ta fi amfani wajen kwatanta tayoyin gida ɗaya.

Takardar Turai ba ta faɗin tsawon rayuwar taya, ba ta kuma faɗin yadda za ta yi bayan ta ci rabi. Don wannan sai a nemi sakamakon gwaje-gwajen masu zaman kansu, irin na ƙungiyar direbobi ta ADAC a Jamus. Ka nemi na girman tayarka, domin samfuri ɗaya yana iya yin kyau a wani girman ya gaza a wani.

An ce mai tsadar ta fi arha idan an daɗe. Gaskiya ne?

Wani lokaci. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba kuɗin taya da kilomitar da za ta yi. A ɗauka, misali, mai tsadar ta fi da kashi 30 cikin ɗari amma ta kai kilomita 50,000, ɗayar kuma ta tsaya a 35,000. A nan mai tsadar ce ta yi arha. In kuwa dukkansu sun yi 40,000, ka biya ƙari a banza. Wanda ke cin dogon zango kullum, kamar mai haya ko mai tafiye-tafiyen aiki, shi ne yake kwasar wannan riba, har da ɗan ragin mai, tunda kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da mota ke sha wajen mirgina tayoyi yake tafiya.

Mai motar da ke yini a ajiye fa? Shi tsufa ne zai cinye masa taya kafin kwalta ta cinye ta. Roba tana bushewa tana tsattsagewa ko ba a hau ta ba. Michelin da kanta tana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara da zarar ta shekara biyar a kan mota, kuma a cire ta idan ta kai goma ko da zanenta da saura. Haka ma wanda hanyarsa ramuka ne da ƙusoshi: rami bai san Michelin ba, in ya fasa gefen taya ya gama da ita, ba faci ba gyara. Irin waɗannan biyun, ni dai ta tsaka-tsaki zan ce su saya.

In kuɗina na biyu ne kawai, in sayi masu tsada biyu ko matsakaita huɗu?

In duk huɗun sun suɗe, matsakaita huɗu, babu ja. In biyu ne kawai suka mutu, ka sauya biyun, su zama iri ɗaya a hagu da dama, kuma sababbin su koma baya ko da motar da ƙafar gaba take ja. Mutane sukan yi gardama a kan wannan. Dalilin shi ne, in gaba ya zame direba yana ji a sitiyari ya sassauta, in baya ya zame sai motar ta juya da shi.

Me zan duba a jikin tayar kafin in biya?

Lambobin gefe. A rubutu irin 205/55 R16 91V, lamba 91 tana nufin tayar tana ɗaukar kilo 615, harafin V kuma gudun da bai wuce kilomita 240 a awa ba. Kada ka sauka ƙasa da abin da littafin motarka ko takardar bakin ƙofar direba ta ce, ko wane suna ne a jikin tayar. Sai lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2523 na nufin mako na 25 na shekarar 2023. Mai babban suna da ta shekara shida a rumbun ajiya, ko wadda wani ya riga ya ci rabinta aka kawo a matsayin ta hannu, ba ta kai sabuwar Kumho ba.

Bayan an ɗaura, sauran aikin naka ne. Sabuwar taya tana zuwa da zurfin zane kusan milimita 8, dokar Turai ta tsaya a 1.6, amma riƙon ruwa yana fara raguwa sosai tun daga wajen 3. Ka auna iska sau ɗaya a wata da safe kafin tayar ta ɗauki zafi, ka kai a saita ƙafar motar idan ka ga gefe ɗaya yana cinyewa fiye da ɗayan.