Jamhuriyar Chadi

Chadi ƙasa ce a yankin tsakiyar Afirka wadda ba ta da gaɓar teku ko kaɗan, kuma babba ce sosai, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,284,000, wato ita ce ta biyar a girma a duk nahiyar. Libiya na arewa da ita, Sudan a gabas, Afirka ta Tsakiya a kudu, Kamaru da Najeriya ta kudu maso yamma, sai Nijar ta yamma. Babban birninta N'Djamena yana daidai inda kogin Logone ya haɗu da kogin Chari, kana tsallaka gada ka faɗa Kuseri ta Kamaru. Da can sunan garin Fort-Lamy, sai a 1973 aka canja masa suna.

Yanayin ƙasa

In kana so ka gane Chadi to ka bi ruwan sama, don shi ya raba ta uku. Arewa hamadar Sahara ce zalla, akwai inda ake shekara ba a ga ɗigon ruwa ba, can ne duwatsun Tibesti suke da tsaunin Emi Koussi mai tsawon mita 3,415 wanda duk Sahara babu kamarsa, ga kuma kwarin Bodele da iska ke kwasar ƙurarsa lokacin hunturu, wani kaso na hazon da ke rufe Kano da Maiduguri ma daga nan yake tasowa. Tsakiya Sahel ce, ƙasar makiyaya da gero. Kudu kuwa damina na kai wata biyar zuwa shida, akwai auduga da dawa da gyaɗa da shinkafa, shi ya sa mutane suka fi cika can, garuruwa irin su Moundou da Sarh.

Tafkin Chadi da ƙasar ta ci sunansa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, amma farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya janye shi ƙwarai, ya koma ɗan kaɗan daga abin da yake da. Kusan duk ruwansa kogin Chari ne ke kawo shi daga kudu, kuma ba shi da zurfi, don haka yana cika yana janyewa gwargwadon yadda damina ta yi.

Jama'a

Ƙidayar 2009 ta nuna mutum miliyan 11 da 'yan kai, yanzu ana ƙiyasin sun haura miliyan 18. Ƙabilu sun fi 200. Sara na kudu su ne mafi yawa, sai Larabawan da a Najeriya ake ce wa Shuwa, da Kanembu na bakin tafki, da Gorane da Tubawa na hamada, da Maba na Wadai, da Zaghawa waɗanda ba su da yawa amma tun 1990 mulki ke hannun gidansu. Faransanci da Larabci ne harsunan gwamnati, amma a kasuwa Larabcin Chadi ne ke aiki, da shi mutumin kudu da na arewa ke ciniki. Musulmi sun fi rabi, Kirista kuma suna da yawa musamman a kudu.

Hausawa ma suna nan tun da daɗewa, fatauci ya kai wasu, wasu kuma alhazai ne na zamanin tafiya Makka a ƙafa da suka bi ta Fort-Lamy da Abeche za su Sudan, guzuri ya ƙare ko aure ya riƙe su suka zauna.

Mulki

Kafin Turawa akwai daulolin Kanem da Bagirmi da Wadai. Faransa ta samu gindin zama ne bayan yaƙin Kuseri na 1900, inda aka kashe Rabe, mayaƙin nan da ya fito daga Sudan ya ci Borno, shi ma kwamandan Faransawa Lamy ya mutu a wurin. Faransawa sun fi maida hankali kan kudu saboda auduga, can aka fi samun makarantun boko, don haka da aka ba da 'yanci ranar 11 ga Agusta 1960 ɗan kudu ne, François Tombalbaye, ya zama shugaba. Ba a jima ba rigimar haraji ta tashi a Mangalme a 1965, a 1966 aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT, daga nan fa sai a hankali, domin sojoji sun kashe Tombalbaye a 1975, Hissène Habré ya ƙwace a 1982, ya kori sojojin Libiya a 1987 da motocin Toyota masu ɗauke da bindigogi, sannan tsohon kwamandansa Idriss Déby ya kore shi a Disamban 1990. Zirin Aouzou na kan iyakar arewa da aka yi ta faɗa da Libiya a kansa kotun duniya ta ba Chadi a 1994. Habré kuwa wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016 kan kisa da azabtar da mutane.

Déby ya shekara 30 yana mulki, ya rasu a Afrilun 2021 bayan ya ji rauni a fagen daga da 'yan tawayen FACT, sojoji suka ɗora ɗansa Mahamat Idriss Déby, aka yi sabon tsarin mulki a ƙarshen 2023, ya ci zaɓen Mayun 2024 da kashi 61 cikin ɗari, 'yan adawa suka ce ba su yarda ba. A takarda jamhuriya ce mai larduna 23 da majalisa da firaminista, amma gaskiya ƙarfi na fadar shugaban ƙasa da barikin soja. Kuma sojan Chadi ba na wasa ba ne, sun yi yaƙi a Mali a 2013, hedikwatar rundunar haɗin gwiwa ta yaƙi da Boko Haram ma a N'Djamena take. Sojojin Faransa sun fice a Janairun 2025 bayan gwamnati ta soke yarjejeniyar tsaro.

Tattalin arziki

Tun 2003 man fetur ne ke kawo mafi yawan kuɗin waje. Ana haƙo shi a yankin Doba da ke kudu, a tura ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 har Kribi a bakin tekun Kamaru. Bankin Duniya ya shiga aikin bisa sharaɗin za a ware kuɗin don lafiya da ilimi, gwamnati ta karkatar da kaso mai tsoka wajen sayen makamai, a 2008 bankin ya janye. Akwai matatar mai a Djermaya da aka buɗe a 2011 tare da kamfanin Sin, duk da haka wutar lantarki kusan mutum ɗaya cikin goma ke samu, abin takaici ne ga ƙasa mai mai.

Talaka dai noma da kiwo ya riƙe. Shanu da raƙuma da tumaki na da yawan gaske, ana koro shanun zuwa kasuwannin Najeriya ta Gamboru Ngala, ga ƙaro da riɗi da kanwa da bandar kifi daga tafki, ga auduga da har yanzu ke ciyar da gidaje da dama a kudu. Kuɗinsu sefa ce ta tsakiyar Afirka, ba irin ta Nijar ba duk da darajarsu ɗaya. Rashin teku na sa komai tsada, don yawancin kaya daga tashar Douala ake ɗauko su, tafiyar sama da kilomita 1,500 a tirela. Sannan tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira suka tsallako ta garin Adre, suka tarar da na rikicin Darfur da ke sansanonin gabashin ƙasar tun wajen 2003.