Zargin ta'addanci bai halatta jinin wanda aka kama ba

Mutane da dama sun ɗauka cewa da zarar an kira mutum ɗan ta'adda, jami'an tsaro na da ikon gamawa da shi nan take. Ba haka doka ta ce ba.

Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kare ran kowa, sai wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa. Ya bar ƙofar amfani da ƙarfi daidai gwargwado wajen kare rai ko dukiya, kama mai laifi, hana tsararre gudu, ko murƙushe tarzoma da tawaye. Sojan da ya harbi mai harbinsa a fagen fama yana cikin wannan hurumi. Amma wanda ya ajiye makami, ko aka sa masa ankwa, ya fita daga ciki. Ko a yaƙin cikin gida, sashe na 3 na yarjejeniyoyin Janiba na 1949, wato dokokin yaƙi na ƙasa da ƙasa, ya haramta kashe fursuna ba tare da hukuncin kotu ba.

Mun ga illar tsallake wannan a Maiduguri. A Yulin 2009 sojoji suka kama Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka kashe shi a hannunsu. Ba a ji daga bakinsa waɗanda suka ba shi kuɗi ko goyon baya ba, kuma mabiyansa suka samu hujjar ramuwa ƙarƙashin Abubakar Shekau.

Hanyar shari'a tana nan: tun 2017 Babbar Kotun Tarayya ke zama a barikin Wawa, kusa da Kainji, ta ɗaure wasu daga cikin waɗanda ake zargi da ta'addanci, ta sallami waɗanda babu hujja a kansu.