Tasirin Yadda Ake Gabatar da Ribar Kamfanoni ga Shawarar Kuɗi ta Matasa

Rahoton riba bayani ne da kamfani ke fitarwa duk wata uku, wata shida ko shekara, yana nuna cinikin da ya yi, abin da ya kashe, da abin da ya rage masa. Ana iya jera lissafi ɗaya ta fuskoki dabam-dabam ba tare da an yi ƙarya ba, kuma fuskar da aka sa a gaba ita ke jan hankalin mai karatu, balle matashin da bai saba da takardun lissafi ba.

Masanan halayyar ɗan Adam Amos Tversky da Daniel Kahneman sun nuna a 1981 cewa mutane kan sauya zaɓi idan aka faɗi abu ɗaya da sunan samu, aka kuma faɗe shi da sunan asara. Tun a 1979 sun bayyana cewa zafin asara ya fi daɗin ribar da ta kai yawanta. Shi ya sa jan lamba mai nuna faɗuwar farashi a allon waya kan sa matashi ya sayar da hannun jarinsa cikin firgita.

Ruɗin da ya fi yawa shi ne ɗaukar ciniki a matsayin riba. Ɗan tireda a kasuwar Dole ta Damagaram ya san kuɗin da ke aljihun teburinsa da maraice ba duka nasa ba ne. Akwai uwar kuɗi, akwai bashin dillali. Amma sanin nan yakan ɓace idan lambobin suka kai biliyoyi. A 2023 cinikin MTN Najeriya ya haura naira tiriliyan 2, sama da na shekarar da ta gabata, amma kamfanin ya rufe shekarar da asarar kusan naira biliyan 137 saboda faɗuwar darajar naira. Wanda aka turo wa layin cinikin kaɗai ta WhatsApp zai ɗauka kamfanin na cikin alheri. Ga matashin Damagaram mai ajiya da sefa akwai ƙarin tarko: ribar da ta ƙaru da naira tana iya raguwa idan aka canza ta.

Kashi cikin ɗari ma yana ɓoye abu. Ribar da ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 2 ana kiranta ƙarin kashi 100, alhali wadda ta tashi daga miliyan 500 zuwa 550 kashi 10 ce kawai. Haka rabon riba: a ce sefa 500, wato dala ɗari, kan kowane hannun jari, sai a ji daɗin kunne, amma in jika goma aka saye shi, kashi 5 ke nan a shekara. Masu damfara sun fi kowa iya wannan salo, abin takaici. MMM, wata harkar damfara ta zuba kuɗi a intanet, ta yi wa ƴan Najeriya alƙawarin ribar kashi 30 a wata, ta kuma daskarar da kuɗin mutane a Disamban 2016.

Nijar na cikin ƙasashe takwas na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, da ke da kasuwar hannun jari guda, BRVM, wadda ta soma aiki a Abijan a 1998, kuma Bank of Africa Niger na cikin kamfanonin da ke cikinta. Hukumar AMF-UMOA ce ke sa ido, saye da sayarwa kuwa ta hannun dillalai masu lasisi da ake kira SGI ake yi. Kamfanonin kasuwar suna wallafa cikakkun rahotanninsu a shafin BRVM na intanet, sai dai da Faransanci ne, cikin yaren akantoci, don haka abin da ke isa fadar matasa galibi guntun hoto ne da wani ya yanko.