Mene ne GI, dokar da ta sa ba kowa ke iya rubuta Champagne a kwalba ba?

A watan Afrilu na 2023 aka murƙushe gwangwani 2,352 na giyar Miller High Life a ƙasar Beljiyam, bayan kwastam sun riƙe kayan a tashar jiragen ruwa ta Antwerp. Lafiyar kayan ƙalau fa, laifinsu ɗaya, kamfanin ya rubuta a jiki wai ita ce Champagne ɗin sauran giya, alhali Champagne sunan wata giyar inabi ce mai kumfa ta Faransa. Abin da ya ba hukuma wannan ƙarfin shi ake kira GI, wato alamar da ke ɗaure sunan kaya da yankin da ya fito. Maganar doka ce da kasuwanci muke yi a nan, ba tallar barasa ba.

A taƙaice GI na nufin sunan wuri ya zama dukiyar masu noma da sarrafa kaya a wurin, su duka, ba na mutum ɗaya ba. Nan ne ya bambanta da tambarin kamfani, shi tambari mai shi zai iya sayar da abinsa ko ya kwashe masana'anta ya koma wata ƙasa da sunansa, GI kuwa baya tashi daga inda yake. Champagne yanki ne a arewa maso gabashin Faransa, gonakin inabinsa wajen hekta 34,000, in gonarka tana bayan layin iyakar yankin ko da taku goma ne to sai dai ka nemi wani suna.

Jabu ne ya haifi dokar. Daga shekarun 1860 wani ƙwaro mai suna phylloxera ya cinye jijiyoyin inabin Faransa, kaya ya yi ƙaranci, 'yan kasuwa suka dinga kwaso inabi mai araha daga ko'ina suna manna masa manyan sunaye, har a 1911 manoman Champagne suka fusata suka fasa rumbunan 'yan kasuwa sai da gwamnati ta turo sojoji. An shata iyakar yankin a 1927, a 1935 aka kafa tsarin AOC, wato tsarin Faransa na kare sunan yankin da kaya ya fito, da hukumar da ke kula da shi, wadda yanzu ake kira INAO. Daga baya abin ya shiga yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 1994, kuma a can giyar inabi da barasa mai ƙarfi suka samu gata fiye da sauran kaya, domin sashe na 23 ya hana ka amfani da sunan ko da ka faɗi gaskiyar inda ka yi abinka, ko ka ƙara da cewa "irin na" ko "salon" wuri kaza ne.

Abin da mutane basu cika lura da shi ba, sunan nan da takunkumi yake zuwa. Mai gona a Champagne ba shi ke zaɓar irin inabin da ya ga dama ba, akwai jerin waɗanda aka yarda da su, manyan su ne Pinot Noir da Meunier da Chardonnay, dole da hannu za a tsinke ba da inji ba, duk shekara ana yanke iya kilo nawa za a ɗiba a hekta, sannan kwalba sai ta kwanta aƙalla wata 15 kafin ta fita kasuwa. Ka karya ɗaya, ka rasa sunan, farashi kuma ya faɗi warwas.

To amma a ganina duk wanda ya ce maka dokar tana aiki daidai a kan kowa bai bi labarin ba. Akwai wani ƙaramin ƙauye a Suwizalan shi ma sunansa Champagne, sun daɗe suna yin giyarsu marar kumfa ma, amma yarjejeniyar ƙasarsu da Tarayyar Turai ta 1999 ta hana su sa sunan garinsu a kwalba, suka yi ta shari'a basu ci ba. Kamfanin Yves Saint Laurent ma a 1993 kotu ta tilasta masa canza sunan wani turare da ya sa wa suna Champagne. Amurka fa? A yarjejeniyar 2006 da Turai an bar kamfanonin da suka riga suka samu izini su ci gaba da rubuta California Champagne a kasuwarsu, sababbi ne kawai aka rufe wa ƙofa. Rasha kam ta wuce nan, a Yulin 2021 Putin ya sa hannu a dokar da ta keɓe sunan shampanskoye, wato Champagne da harshen Rasha, ga 'yan ƙasarsa, su Faransawa masu asalin abin aka ce su rubuta "giya mai kumfa" a bayan kwalba da rubutun Rasha. Mai ƙarfi sai Allah.

Rigimar Prosecco, giyar inabi mai kumfa ta Italiya, ta fi bani dariya. A da sunan irin inabi ne, kuma doka bata hana kowa kiran inabi da sunansa, shi ya sa manoman Ostiraliya suka dasa shi suna sayarwa hankali kwance, sai a 2009 Italiya ta canza wa inabin suna zuwa Glera ta ce Prosecco yanzu sunan yanki ne, da yake akwai ƙauye mai wannan suna kusa da birnin Trieste. Su Ostiraliya suka ce wannan ai wayo ne aka yi musu, maganar ta zama ƙarfen ƙafa a tattaunawar cinikinsu da Turai shekara da shekaru.

Yanzu kuma zafin duniya ya taso dokokin a gaba, inabin da aka rubuta a takarda tun zamanin kakanni yana nuna da wuri sukari ya yi masa yawa. A 2021 dole INAO ta bar manoman yankin Bordeaux na Faransa su gwada sababbin iri shida, ciki har da Touriga Nacional na Fotugal, amma da sharaɗin kada su wuce kashi 5 cikin ɗari na gona, kashi 10 na abin da ke cikin kwalba.