Jagoran Sikawut na Sa-kai

Jagoran sikawut shi ne babban mutum, namiji ko mace, da yake kula da rukunin yara 'yan sikawut ba tare da ana biyansa ko sisi ba. Yawanci yana da aikinsa na neman abinci, malami ne ko ma'aikaci ko ɗan kasuwa, amma duk sati sai ya ware yamma ɗaya ya zo ya koya wa yara ɗaurin igiya, karanta taswira, kafa tanti da taimakon gaggawa, wasu kuma haka za su yi ta yi shekara talatin ko arba'in har yaran da suka raina su dawo da nasu 'ya'yan.

Abin ya samo asali ne daga Ingila. Robert Baden-Powell, tsohon sojan Birtaniya, ya kai yara 20 sansani a tsibirin Brownsea a 1907, a 1908 ya fitar da littafinsa Scouting for Boys, sai yara suka fara haɗa kansu ƙungiya ƙungiya suna neman babban da zai tsaya musu. To daga nan aikin jagoran ya fito, kuma gaskiya shi ne ƙashin bayan harkar, don yau ana sikawut a ƙasashe sama da 170 kuma mafi yawan masu riƙe da yaran 'yan sa-kai ne.

Horonsu ma yana da tarihi mai daɗi. A 1919 wani ɗan Scotland mai suna William de Bois Maclaren, wanda shi kansa kwamishinan sikawut ne, ya bayar da fam 7,000 aka sayi wani fili mai suna Gilwell Park kusa da Landan, a wannan shekarar aka yi kwas ɗin jagorori na farko a can. Wanda ya gama ana ba shi Wood Badge, 'yan ƙananan itace guda biyu a jikin igiyar fata da ake ratayawa a wuya, tare da ƙyallen wuya mai ɗan facin zanen dangin Maclaren a bayansa, don a riƙa tuna mutumin. Har yanzu haka ake yi. A Amurka kuma attajirin man fetur Waite Phillips ya ba 'yan sikawut makeken fili a New Mexico a 1938, shi ne sansanin sikawut na Philmont na yau.

Sau da yawa hidimar ba ta tsayawa a sansani, tunda dama ana koya wa yaro ya yi alheri ɗaya kullum, jagoran ne kan gaba wajen tara kayan agaji, shuka bishiyoyi, tsaftace unguwa, wani lokacin ma daga aljihunsa zai saya wa yaron da ba shi da hali yunifom. Lambar yabo mafi girma ta sikawut a matakin duniya ita ce Bronze Wolf, an fara ba da ita a 1935 kuma Baden-Powell ne ya fara karɓa.