Kafin Ka Binne Ƙwallon Dabino a Gida

Duk azumi sai ka ga an ware ƙwallayen ajwa bayan buɗa-baki, wai za a shuka. Niyya ce mai kyau, amma akwai abin da mu malaman gona muke so a sani tun kafin shekaru su tafi a banza.

Tsirar da shi ba wuya. Wanke ƙwallon tas don kada ya yi funfuna, ka jiƙa shi kwana 2 zuwa 3 kana sauya ruwa kullum. Sai ka binne shi zurfin gaɓar yatsa a leda mai yashi da ruɓaɓɓen taki. Ledar ta zama doguwa, domin saiwarsa ƙasa take fara nutsawa kafin ganye ya leƙo. Cikin wata 1 zuwa 2 za ka ga ganye tilo kamar ciyawa. Kada ka tuge, shi ne. A kiyaye shi daga awaki.

Sai dai fa dabino akwai mace akwai namiji, kuma mace ce kaɗai ke yin 'ya'ya. In ka shuka ƙwallaye, kusan rabi maza za su fito, ba kuwa za ka tantance su ba sai sun yi fure, wato bayan shekara 5 ko fiye. Mai shuka ƙwaya ɗaya tak zai iya kwashe wannan lokaci yana ban ruwa ga namiji. Haka kuma ƙwallon ajwa ba ya haifar da ajwa. Abin da zai fito na iya yin zaƙi, na iya zama tsamurarre. Saboda haka a shuka da yawa, daga baya a rage maza.

Wanda ke son irin uwar sak, ya nemi ɗan da ke fitowa a gindinta ya dasa. Mace yake fitowa in uwar mace ce, kuma ya fi saurin haihuwa. Tashar binciken dabino ta NIFOR (cibiyar binciken kwakwar manja ta Nijeriya) da ke Dutse a jihar Jigawa wuri ne na neman shawara kan iri.

Idan furen mace ya tsage, kada a bar barbara ga iska kaɗai. A yanko silin furen namiji a cusa cikin na macen a ɗaure, cikin kwana 2 zuwa 3 da buɗewar na macen. Ta haka namiji ɗaya kan wadatar da mata da dama. Wajen dashe, a bar tazarar mita 8 tsakani, a kuma nisanci katanga da wayar lantarki.